Na sayi laftof mai alƙalami ta hannu amma alƙalamin ya ƙi rubutu, in canza sikirin ko in mayar?

Tambayar farko a wannan makon daga wata ɗaliba ce a Zariya, ga abin da ta turo, na ɗan taƙaita shi:

"Assalamu alaikum Malam, don Allah shawara nake nema. Na tara kuɗi na sayi HP EliteBook x360 1030 G2 landan yus, irin wadda ake lanƙwasawa ta koma kamar tabilet, saboda ina so in riƙa rubuta darasi da hannu a aji. Mai shagon ya haɗa min da alƙalami kyauta, an ma rubuta HP a jikinsa. Da yatsa komai na tafiya lafiya lau amma alƙalamin ko ɗigo ba ya yi. Na kai wa mai gyara ya ce wai sikirin ɗin ne sai an canza, kuma kuɗin da ya faɗa ya kusa rabin abin da na sayi kwamfutar. In canza ne, ko in mayar musu, ko in sayi wani alƙalamin?"

Wa alaikumus salam Malama. Don Allah kar ki bari a taɓa sikirin ɗin nan tukuna, ki riƙe kuɗinki. Ba na ce mai gyaran ƙarya yake ba, amma in bai ɗauko wani alƙalamin da aka tabbatar yana aiki a irin kwamfutarki ya gwada a gabanki ba to cinta kawai ya yi, kuma ni a abin da na saba gani sikirin shi ne na ƙarshe a jerin waɗanda ake zargi, musamman tunda yatsa na aiki.

Abin da nake zargi shi ne wannan alƙalamin na kyauta ba na kwamfutarki ba ne sam. Na san za ki ce ai HP aka rubuta, to ba a nan gizo ke saƙar ba. Waɗannan alƙaluman kamar rimot ɗin talabijin suke, kamfani ɗaya zai yi talabijin iri biyu rimot ɗin wannan ba ya kunna waccan. Ita EliteBook x360 ɗinki da ta fito a 2017 tsarin AES na kamfanin Wacom take amfani da shi, su kuma HP Envy x360 da Pavilion x360 da Spectre x360 yawancinsu tsarin Microsoft ne da ake ce wa MPP, kuma duk alƙalumansu HP ne a jiki, da yawansu batir ɗaya suke ci, a ido ba za ki bambanta ba. Su kuma 'yan kasuwarmu kaya suke saukewa a kwali, kwamfutoci gefe guda, caja gefe guda, alƙaluma a zube a leda ɗaya, wanda hannun yaron shago ya faɗa kai shi za a miƙa miki. Ba ma lallai da mugun nufi ba, shi ma bai san akwai bambanci ba.

Bari in ɗan warware wannan maganar ta tsare-tsare don duk sauran amsoshin a kanta suke tsaye. Akwai tsohon tsarin Wacom EMR, shi alƙalaminsa ba ya cin batir ko kaɗan, akwai wani faifai a bayan gilashin da ke aika masa wuta ta maganaɗisu, shi ne a su ThinkPad X200, X201, X220 da X230 masu juya wuya, da HP EliteBook 2740p da 2760p, da Fujitsu Lifebook T901 da T902, da Surface Pro na ɗaya da na biyu. Sai Wacom AES wanda shi alƙalamin ne ke ɗauke da wutarsa, shi ne a ThinkPad X1 Yoga, Yoga 260, Yoga 370, X380 Yoga, Dell Latitude 5290 da 7390 masu komawa tabilet, da taki. Sai na Microsoft wanda asalinsa na wani kamfani ne N-trig, suka fara sa shi a Surface Pro 3 a 2014 sannan suka saye fasahar a 2015. Chromebook kuma da yawansu nasu daban ne, USI. Apple Pencil kam a iPad kawai yake aiki, kar wani ya ce miki zai saita shi. In kika sa alƙalamin wani tsarin a kan wani, ba ɗan aiki kaɗan zai yi ba, shiru za ki ji kamar kin ɗora tsinken tsintsiya.

To kafin ki koma kasuwa ga abin da za ki yi a ɗaki, ba sai kin kashe ko sisi ba. Ki shiga Settings, ki danna System, ki sauka About, za ki ga wani layi da aka rubuta Pen and touch. In ya ce Pen and touch support with 10 touch points to kwamfutar ta san tana da wurin karɓar alƙalami, sikirin ɗinki na da rai kenan, kin ga maganar canji ta fara rauni. In kuma Touch support kawai ya ce babu maganar Pen, ko dai direba ce babu, wato 'yar manhajar da ke sa Windows ta gane alƙalamin, ko kuma gilashin ne ba shi da wannan ɓangaren. Daga nan ki danna dama a kan alamar Start ki buɗe Device Manager, ki buɗe Human Interface Devices, ki nemi HID-compliant pen. In yana nan ba tare da alamar ruwan ɗorawa a kansa ba, alhamdulillahi. In kina so ki tabbatar da kamfanin da ya yi shi ki shiga Properties, Details, ki zaɓi Hardware Ids, in kika ga 056A ko WCOM to Wacom ne, in 1B96 ko NTRG ne to N-trig ne wato ɓangaren Microsoft.

Sai batir, kuma a nan mutane da yawa ke faɗawa. Batirin waɗannan alƙaluman AAAA ne, A huɗu, ba AAA na rimot ba, ya fi shi siranta sosai, kuma mai kanti a unguwa in kika ce AAAA zai ɗauka kin yi in'ina ne ya miƙo miki na rimot. Sai manyan shagunan kayan kwamfuta ko a yi oda. Alƙalamin da ya yi shekaru a kwali a turai kafin ya hau jirgin ruwa ya zo ya kwanta a sito cikin zafin nan namu, da wuya batirinsa ya iso da rai. Ki murɗe bayan alƙalamin ki zaro batirin, ki lura da yadda yake kwance kafin ki cire don ki mayar da sabon haka, ki leƙa ciki da tocilan ɗin waya. In kika ga farin gari-gari kamar kanwa a jikin sifirin to batirin ya zuba, ki sami auduga irin ta goge kunne ki ɗan taɓa ta da ruwan lemon tsami, ɗan kaɗan fa ba jiƙawa ba, ki goge wurin, ki bi da busasshiya, ki bar shi ya sha iska kafin ki sa sabo.

Ni kaina na taɓa shan wannan wahalar, shi ya sa nake nanatawa. Kwana biyu na yi ina sauke direba ina ɗora wata, na ƙarar da data, har na fara tsara irin faɗan da zan yi wa wanda ya sayar min, ashe batirin da aka ce min sabo ne fil macacce ne tun a cikin ledarsa. Ranar dare ya yi babu inda zan samu wani, sai na tuna wasu batiran 9V masu ƙusurwa huɗu irin na makirfon in aka buɗe gwangwanin akwai 'yan siraran batira shida a ciki da suka kusa kai girman AAAA. Na sa filaya na ɓare guda ɗaya, na ci sa'a irin masu shidan ne, ya ɗan gaza a tsawo sai na naɗe 'yar takardar alminiyam na cike gurbin, ina ɗora bakin a gilashi sai ga ɗan ɗigon nan ya bayyana yana bin hannuna. Ba ina cewa ki yi haka ba Malama, bakin gwangwanin na yanka hannu, ba kowane 9V ke da su ba, masu arha wasu falle-falle ne a ciki, kuma wani lokacin kai da gindin a juye suke. Na dai faɗa ne ki ga yadda ƙaramin abu ke sa mutum ya yi ta zargin babba.

In kin sa sabon batir shiru, kuma Windows ta ce tana da Pen, to ki ɗauki kwamfutar da alƙalamin ki koma shagon tun kwanakin da suka ba ki na gwaji ba su ƙare ba, ki ce su zazzago duk alƙaluman da ke cikin ledar a gwada ɗaya bayan ɗaya, ko a nemi na irin ThinkPad Yoga ko Dell Latitude ɗin da na lissafa a tsarin AES a maƙwabta a gwada tunda tsarinsu ɗaya da taki. Duk wanda ya yi rubutu shi ne naki. In kuma dole sai kin saya, ki nemi wanda aka rubuta AES a kwalinsa, ko Wacom Bamboo Ink wanda ke iya AES da MPP duka, ana danne maɓallansa biyu na gefe tare na kamar daƙiƙa biyu ya sauya daga wannan zuwa wancan, kuma mutane kan saye shi su ce bai yi ba alhali yana kan ɗaya tsarin ne ba su sauya ba. Dell PN579X ma na iya biyun. Sai fa in an gwada alƙalamin AES mai lafiya bai yi ba, an ɗora direbobin daga shafin HP na wannan model ɗin bai yi ba, sannan za a fara maganar sikirin, kuma ko a lokacin ma shawarata ki mayar su canza miki wata, ba ki sayi kaya jiya ki fara zuba masa rabin kuɗinsa yau ba.

Abu ɗaya da zan roƙe ki, kar ki yarda a sayar miki da waɗannan da ake ce wa yunibasal, masu bakin roba ko masu ɗan faifai a baki ko ma masu caji da ke cewa suna aiki a kowace waya da kwamfuta. Za su yi aiki a gabanki kam, amma yatsa suke kwaikwayo, babu sirantawa da kaurarawa in kin danna, kuma da kin kwantar da tafin hannunki a gilashi rubutun zai watse. Don danna abu ba laifi, don rubuta darasi na awa biyu wahala ce.

Tambaya ta biyu daga wani malamin makaranta a Katsina:

"Malam ina da ThinkPad X230 Tablet, alƙalaminta na cikin raminsa a jiki, da yana aiki, na kai an sa min sabuwar Windows shi kenan ya daina. Na duba ko'ina ban ga inda ake sa masa batir ba."

Malam ka daina neman wurin batir, babu shi, kar ka je ka ɓalle alƙalamin banza. Taka ta 2012 ce, EMR ce, kuma tunda ka ce kafin a sa Windows yana aiki to kusan an gama gano ɓarawon. Yaran da ke sa Windows a kasuwa da yawansu irin wadda aka rage wa kaya suke ɗorawa don ta yi sauri a tsofaffin kwamfutoci, kuma cikin kayan da ake zubarwa har da ɓangaren alƙalami da rubutun hannu. Ka danna maɓallin Windows da R ka rubuta services.msc ka nemi Touch Keyboard and Handwriting Panel Service, in a kashe yake ka kunna shi, in babu shi gaba ɗaya to Windows ɗin ce guntuwa, sai a sake sa cikakkiya. In yana nan to direba ce, ka shiga shafin Lenovo ka rubuta lambar model ɗinka ka sauke ta alƙalamin, ka kashe ka kunna.

In kana so ka raba gardama tsakanin sofwaya da ƙarfe, ka sa a ɗora maka Ubuntu, wata babbar manhaja ce da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, a filashi ka tashi kwamfutar daga kansa ba tare da ka shigar da shi ba, direban Wacom na ciki tun asali, in alƙalamin ya motsa kibiya a can to lafiyarsa ƙalau matsalar Windows ce. Wani gwajin mai sauƙi kuma, ka ari S Pen, wato alƙalamin wayar Samsung Galaxy Note, a wurin wanda ke da ita ka ɗora a gilashin, tsarinsu ɗaya, in shi ya yi naka bai yi ba to naka ne ya sha ƙasa. Akwai wani siririn abu mai kama da gawayi a cikinsu da waya ta naɗe, in alƙalamin ya faɗi a siminti yakan tsage, daga nan ko ya mutu ko ya riƙa zana layi tun bai taɓa gilashi ba. Ba a gyara wannan, sabo ake nema, kuma na EMR ba su da tsada sosai.

In ya dawo aiki amma ka ga kibiyar na gefe bakin alƙalami na gefe, ka shiga Control Panel, Tablet PC Settings, ka fara danna Reset sannan Calibrate, ka zauna yadda ka saba zama in kana rubutu ka bi alamomin. A can ƙarshen gefe-gefe dama waɗannan tsofaffin sukan ɗan kauce, halinsu ne. Kuma ka nisanta ta da maganaɗisu, jaka mai maɓallin maganaɗisu ko lasifika a kusa na iya sa wani yanki na gilashin ya daina jin alƙalami. Sai ka sani kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuma wannan kwamfutar ba ta cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su a hukumance, amma wannan hira ce ta wata rana.

Wani ɗan'uwa kuma daga Maraɗi ya ce Surface Pro 4 gare shi, ya yi ta fama ya haɗa alƙalamin da Bluetooth ya ƙi, sannan da ya ari na abokinsa ya yi rubutu amma layin sai ya riƙa karkarwa yana tsinkewa in kwamfutar na caji.

Ɗan'uwa abu biyu ne daban ka haɗa. Rubutu ba ya buƙatar Bluetooth ko kaɗan, aikin Bluetooth kawai maɓallin saman nan ne da ake dannawa ya buɗe manhajar rubutu, don haka in naka ba ya rubutu ba haɗawa ce matsalar ba, ka sa masa sabon AAAA ka duba bakin ko ya cinye ko ya karye, ana zare shi a sa wani. Na Surface Pro 3 ma har wasu ƙananan batira biyu masu lamba 319 gare shi a sama don wancan maɓallin, mutum ya canza su ya ce ai na sa sabon batir, alhali na rubutun bai taɓa ba. Maganar karkarwa kuma ka zare cajar ka sake gwadawa, in layin ya miƙe to cajar ce, jabun caja na turo wuta mai datti da ke rikita gilashin, haka ma wani lokacin in ana kan ƙaramin janareto. Ka nemi caja ta asali ko da ta hannu ce, ko ka riƙa cika batir sannan ka zare ka yi zanenka.

Ta ƙarshe wata Hajiya ce mai shagon ɗinki a Kano, ba ta saya ba tukuna, tana so ta riƙa zana samfurin kaya tana nuna wa kwastomomi, tana tambaya wacce za ta saya kuma me za ta duba.

Hajiya ke kika fi kowa dabara da kika tambaya kafin ki biya. Don irin aikinki ni da ThinkPad X380 Yoga ko X1 Yoga zan nema, saboda alƙalaminsu na da raminsa a jikin kwamfutar kuma a nan yake shan caji, babu yawon neman AAAA babu ɓatarwa, illarsa kawai siriri ne yana gajiyar da yatsu in zanen ya yi tsawo, amma kina iya sayen mai kauri na AES daga baya. Surface Pro ta fi daɗin riƙewa kamar allo, sai dai gilashinta manne yake da gam, in batir ya kumbura ko ya tsage gyaran na da wuya da tsada. Ki kiyayi kalmar Yoga ko x360 kawai a matsayin hujja, akwai ThinkPad Yoga 12 da aka yi su ba tare da ɓangaren alƙalami ba, an toshe ramin da roba, akwai kuma waɗanda aka taɓa canza musu gilashi da wanda yatsa kawai yake ji, mai shago zai rantse miki tana yi kuma shi ma haka aka gaya masa.

Ko a Beirut Road za ki saya ko a Farm Center ko aiko miki za a yi daga Legas, kar ki yi sayen kifi a ruwa, a kunna a gabanki ko a gaban wanda kika wakilta. A buɗe manhajar Paint ko OneNote, ki kawo bakin alƙalamin kusa da gilashi ba tare da ya taɓa ba, ya kamata ki ga ɗan ɗigo na bin sa. Sannan ki ja layi a hankali daga wannan ƙusurwar zuwa waccan, ki ja wani ya gitta shi, ki zagaye gefe huɗun gaba ɗaya, ki cika tsakiyar da layuka kamar kina zanen tabarma, duk inda layin ya yanke ya ci gaba to wurin ya mutu kuma ba direba ce za ta tashe shi ba, wasu Surface Pro 3 an san su da wannan. A OneNote ki danna da ƙarfi ki sassauta ki ga ko layin na kauri yana sirancewa, ki kwantar da hannunki a kai kamar kina rubutu a takarda ki ga ko zai ɓata, ki lanƙwasa ta ta koma tabilet ki sake yi don wani lokacin wayar da ta bi ta cikin hinjin, wato gaɓar da ake lanƙwasawa, ce ta gaji, a buɗe tana yi a lanƙwashe ta ɗauke. Ki gwada da caja a jiki ki gwada babu caja. In mai shagon ya fara cewa Hajiya ai batirin alƙalamin ne ya mutu in kin je gida kin sa sabo zai yi, ki ce masa ya aika yaro ya sayo batirin yanzu a cire a cikin kuɗin, kina zaune kina jira, sannan a rubuta lambar alƙalamin a rasit tare da ta kwamfutar da adadin kwanakin da za ki iya dawo da ita.